Me ya kawo ɓauna cikin maganar yaƙi? Ma'ana da asalin "kwanton ɓauna"

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Kusan kullum sai na ji a labarai an ce an yi wa sojoji ko matafiya "kwanton ɓauna". Na gane dai hari ne na ba-zata, amma mene ne ainihin ma'anar kalmar, daga ina ta fito, kuma me ya haɗa ɓauna da yaƙi? Sannan ko ɗaya take da farmaki da samame?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwanton ɓauna shi ne a riga mutum isa wurin da aka san zai bi, a ɓuya, a yi tsit, a bar shi ya kawo kansa da ƙafarsa har inda ba shi da halin juyawa, sannan a far masa. Mai harin yana wuri ɗaya bai motsa ba, wanda za a afka wa shi ne ke tafe. Ka riƙe wannan da kyau, domin shi ne ya raba ta da sauran kalmomin da ka ambata. Asalinta kuwa daga bakin maharba ta fito, daga abin da suka sha gani ɓauna tana yi idan aka harbe ta ba ta mutu nan take ba.

Kalmar farko ba ta da wahala. Kwanto daga kwanta yake, kamar yadda kallo ya fito daga kalla, yabo daga yaba, roƙo daga roƙa, cizo daga ciza. Sai dai Hausa ta ciro sunaye da dama daga wannan aikatau guda, ta ba kowanne aikinsa. Kwanciya ita ce ta hutu ko ta barci ko ta ciwo. Kwanci na kaza ne a kan ƙwai. Kwantai na kayan da aka kasa a kasuwa ne har rana ta faɗi ba a saya ba. Kwanto kuwa kwanciya ce mai manufa: jiki a ƙasa, ido a buɗe, kunne a miƙe, ana jiran wani. Mai kwanto ba hutawa yake yi ba, aiki yake yi. Tun kafin a liƙa masa sunan wata dabba, in aka ce an yi wa wane kwanto, an gane cewa laɓe masa aka yi da mugun nufi.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne ɗan harafin nan "n" da ya haɗa kalmomin biyu. A Hausa yana iya nuna wanda ya yi aikin, yana iya nuna wanda aka yi wa. Harbin maharbi, maharbi ne ya yi. Harbin barewa, barewa aka yi wa. Saboda haka wasu suna ɗauka cewa kwanton ɓauna shi ne kwanton da mafarauci yake yi wa ɓauna a bakin mashaya. Ni ban bi wannan fassara ba, kuma dalilina yana cikin nahawun kalmar. Kwanta aikatau ne da ba ya faɗawa kan kowa, ba a cewa "ya kwanta ɓauna". Don haka sunan da ya biyo bayansa shi ne mai kwanciyar. Da jiran da maharbi yake yi mata ake nufi, da fakon ɓauna ko dakon ɓauna za a ce, tunda ana fakon abu, ana dakon abu. Ga kuma 'yan'uwanta a cikin harshen, waɗanda aka ƙera su a ƙira ɗaya: dirar mikiya, tafiyar hawainiya, kukan kurciya. A dukkansu dabbar ce ke yin aikin, mutum yana kwaikwayon ta. Kwanton ɓauna ma haka yake: ɓauna ce ke kwanto, wanda ake yi wa kuma shi ne maharbin da ya biyo ta.

Sai an san dabbar sannan maganar za ta zauna. Ɓauna 'yar'uwar saniya ce a halitta, shi ya sa ake mata kirari da saniyar sake, amma ba ta taɓa zama dabbar gida mai jan garma ko wadda ake tatsa ba. Waccan da ake gani a hotuna tana noman shinkafa a Indiya da ƙasashen Asiya wata dabba ce daban. Babban namiji a kudanci da gabashin Afirka yakan kai kilo 800. Ta yankin Afirka ta Yamma ba ta kai wannan girma ba, kuma jikinta yakan yi ja-ja, amma halin guda ne. Ƙahonin namiji sukan yi kauri daga gindi su rufe goshi kamar garkuwa, abin da ya sa harbi ta gaba yake da wuyar kayar da shi. Tana gudun fiye da kilomita 50 a awa, wato ba mutumin da zai tsere mata a fili. Ba ta nisa da ruwa, tana son fadama da duhuwa da dogayen ciyayi, tana birgima cikin taɓo har launinta ya saje da ƙasa. Garkenta ba ya watsar da ɗan'uwa cikin sauƙi, an sha ganin ɓakane, wato ɓaunaye, sun juyo sun kori zakin da ya kama ɗaya daga cikinsu. Tsofaffin maza kuwa sukan ware daga garke su zauna su kaɗai ko biyu-uku cikin sarƙaƙiya kusa da ruwa, kuma su ne maharba suka fi shakka.

Yanzu ka dubi makamin maharbin da. Kwari da baka ne, da kibiya mai dafin kwankwani, daga baya kuma bindigar toka mai cin harbi ɗaya, wadda sai an tsaya an sake ɗura ta. Ko wanne daga cikinsu ba ya kayar da dabba mai wannan girma nan take. Dafi yana bukatar lokaci kafin ya kai zuciya. Saboda haka farautar ɓauna kashi biyu ce: harbi, sannan bin sawu. Kashi na biyun shi ne mai kisa, kuma a nan kalmarmu ta samu.

An harbe ta, ta zabura ta shige ciyawa. Maharbi ya dakata kaɗan, sannan ya sunkuya ya fara bi. Ga kofato ya nutse a danshi, ga gamba ta karye ta kwanta ta gefe guda, ga ɗigon jini a kan ganye daidai tsayin ƙugunsa. Yana karanta jinin: in ja ne jawur mai kumfa, huhu aka samu, ba za ta yi nisa ba; in baƙi-baƙi ne gauraye da tosar ciki, to tana da sauran ƙarfi, kuma ranta a ɓace yake. Sawun ya miƙe zuwa cikin duhuwa, inda ba a ganin abin da ya wuce taki biyar. Idon maharbi yana ƙasa, domin a ƙasa labarin yake, hankalinsa kuma ya tafi gaba, can inda sawun ya nufa. Abin da bai gani ba shi ne, da ta shiga duhuwar ba ta zarce ba. Ta karkata gefe, ta ɗan zagayo, ta sami inuwar wani kurmi ta tsaya ko ta durƙusa, fuskarta tana kallon hanyar da ta biyo. Ba ta huci, ba ta kaɗa wutsiya. Baƙin jikinta ya haɗe da inuwa. Wani lokaci abin da kawai zai tona ta shi ne carki, tsuntsun nan mai cin kaska a bayanta, in ya tashi da ƙara. Tsohon maharbi da ya ji kukan carki cikin sarƙaƙiya yakan daskare a inda yake. In babu carki, ko yaro ne bai san karatun ba, sai ya wuce ta gabanta yana bin sawun da ita ta shimfiɗa. Sai ta bari ya zo kusa ƙwarai, sannan ta taso, hanci a gaba, ido a kansa, ba ta sunkuyar da kai sai ta iso. Tsakanin jin karyewar ciyawa da isowarta bai kai lokacin ɗana kibiya ba. In ta same shi, ƙaho ne, sannan kofato da gwiwa, kuma ba ta saurin barin wanda ta kayar.

Wannan hali ba tatsuniyar maharbanmu ba ce kawai. Mafarauta a sassan Afirka da ba su taɓa jin Hausa ba sun ba da labarinsa iri ɗaya, kuma saboda shi ne ake lissafa ɓauna cikin dabbobin da suka fi hallaka masu farautar su. Gaskiya ne ba kowace ɓauna da aka raunata take yin haka ba, da yawa sukan yi ta gudu har su faɗi. Akwai kuma masu nazarin dabbobi da suke ganin ba shirin ramuwa ba ne, dabba ce mai ciwo ta nemi mafaka ta juyo tana fuskantar inda haɗari zai ɓullo, in ya matso ta kare kanta. Wannan bayani yana da ƙarfi, amma bai canja komai ga kalmar ba. Maharbin da ya tsira da karyayyen haƙarƙari ya komo gida abin da ya gani ya faɗa: ta laɓe, ta jira, ta bar ni na wuce, ta fito ta inda ban zata ba. Daga irin wannan labari, da aka maimaita a dandali da gidajen makoki shekara da shekaru, sunan ya kama.

Akwai wani ɗanɗano a cikin kalmar da nake jin takaicin yadda yake ɓacewa. A asalinta, wanda aka yi wa kwanton shi ne mai bi, shi ne yake ganin nasara a hannunsa take. Ya ga jini, ya tabbata abin farautarsa ya raunana, wannan tabbacin ne ya ja shi cikin duhuwa. Manyan kwanton ɓauna na tarihi da yawa haka suka kasance. A shekara ta 217 kafin haihuwar Annabi Isa, rundunar Rumawa ƙarƙashin Filaminiyus tana bin sawun Hanibal, jagoran yaƙin Kartaj ta Arewacin Afirka, a ƙasar Italiya, tana ɗokin cim masa. Hanibal ya bi ta wata 'yar siririyar hanya tsakanin tafkin Tirasimeno da duwatsu, ya ɓoye mayaƙansa cikin dare a kan tuddan. Da safe hazo ya taso daga tafkin, Rumawa suka shigo a jere, aka rufe su gaba da baya da gefe, ruwa kuma a ɗaya gefen. An kashe musu kimanin mutum 15,000, har da shugaban nasu. Su ne suka fito farauta.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne yaƙin Hunainu, a watan Shawwal na shekara ta 8 bayan Hijira, jim kaɗan bayan buɗe Makka. Musulmi sun fito su 12,000, yawan da ba su taɓa kaiwa ba, har wasu suka ji a ransu ba mai iya cin su ranar, kamar yadda Alƙur'ani ya ambata a Suratut Tauba. Ƙabilun Hawazin da Saƙif, ƙarƙashin Malik ɗan Auf, sun riga su isa kwarin Hunainu, suka rarraba maharba kibiya a lunguna da matsatsun dutse. Musulmi suna gangarowa da duku-dukun asuba sai ruwan kibau ta ko'ina, sahu ya watse, mutane suka juya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsaya da 'yan kaɗan, Abbas ya ɗaga murya ya kira mutane suka komo, sannan yaƙin ya juya. Duk abin da kalmar take nufi yana cikin farkon wannan rana: an riga isa, an ɓuya, an zaɓi matsatsi, an bar masu tafiya sun shigo da kansu suna ganin ƙarfi nasu ne.

Ita kanta kalmar ɓauna tana da nata tarihin, kuma jam'inta ne yake tona shi. Yau yawanci ɓaunaye ake cewa, amma tsohon jam'in shi ne ɓakane. Daga ina "k" ta fito? Tana nan tun asali. Tsohuwar siffar kalmar ɓakna ce, sai "k" da ta zo a ƙarshen gaɓa ta narke ta koma "u". A jam'i kuwa wasali ya shiga tsakani, "k" ta tsira. Ba ɓauna kaɗai abin ya shafa ba, doka ce da ta ratsa harshen: talaka amma talauci, zukata amma zuciya, haƙori amma haure, Bugaje amma Buzu, gwagware amma gwauro. Wani masanin harsuna Bajamushe, August Klingenheben, shi ya fara tsara bayanin wannan sauyi a wajajen 1928, har yau kuma da sunansa ake kiran dokar. Wanda ya saba da Sakkwatanci zai iya zaton daga "m" ko "b" wannan "u" ta zo, kamar zamna da zauna, ko sabka da sauka, amma ɓakane ta raba gardama. Kalmar da ta bi ta cikin wannan tsohon sauyi, ta kuma riƙe irin wannan jam'i, ba baƙuwa ba ce a harshen.

Wannan yana da muhimmanci idan ka dubi sauran kalmomin yaƙi da muke amfani da su. Bindiga da ganima da ribaɗi daga Larabci suke, soja da bataliya da bam daga Turanci. Kwanton ɓauna kuwa ba aro a cikinta ko kaɗan, gidajen rediyo da jaridu tarar da ita suka yi. Kalmar da Larabci yake amfani da ita a wannan ma'ana daga tushen ɓuya take, ta Turanci kuma ta bi ta tsohon Faransanci daga ma'anar shiga cikin kurmi. Su sun ambaci ɓuyan ko wurin ɓuyan, Hausa ta ambaci wadda aka ga tana yi.

Sai batun farmaki. A nan mai harin ne yake tafiya, ya taso da ƙarfi da sauri ya afka wa wanda yake zaune. Gaban kalmar shi ne "far ma", irin wanda muke cewa sun far musu, ya far mata da faɗa, kuma "far" ɗin nan gajeren faɗa ne, wato faɗa wa. Dokar da ta mai da "k" ta zama "u" ita ce ta mai da "ɗ" da "t" suka zama "r" a ƙarshen gaɓa: faɗi ya ba da farfaɗiya, kaɗa ya ba da karkaɗa, ɓata ya ba da ɓarna, biyat ta Sakkwato ta zama biyar. Abin da jiragen Japan suka yi wa sansanin jiragen ruwan Amurka a Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba, 1941, inda mutum fiye da 2,400 suka mutu, farmaki ne, harin ba-zata ne, amma ba kwanton ɓauna ba ne, domin Amurkawa suna gida aka zo aka same su. Abin da ya faru kusa da ƙauyen Tongo Tongo a jihar Tillaberi ta Nijar ranar 4 ga Oktoba, 2017, inda aka tare ayarin sojoji a hanyarsu ta komawa sansani aka kashe sojojin Amurka 4 da wasu na Nijar, shi ne kwanton ɓauna.

Hari ya fi su faɗi duka, shi ya sa yau ya zama uwar kalmomin. Daga aikatau hara yake, wato nufar wuri kai tsaye, daga nan kuma aka sami mahara. A ƙarni na 19 yana da ma'ana tsayayya wadda ta bambanta da yaƙi. Yaƙi shi ne sarki ya tara runduna, a fita da tambura da tutoci, kowa ya sani. Hari kuwa 'yan mahaya ne ko dakaru marasa yawa, su yi tafiyar dare, su faɗa wa ƙauye ko garke, su kwashi dabbobi da mutane, su juya kafin gudummawa ta iso. Irinsa ne Katsinawan Maraɗi suka yi ta kai wa ƙasar Katsina bayan jihadi, Ningawa kuma suka addabi kudancin Kano da sassan Bauchi da Zazzau da shi. Yawan garuruwa masu ganuwa da ribaɗoɗin kan iyaka na wancan zamani saboda hari aka gina su. A nan ma kalmomin biyu sukan haɗu a fage guda: mahara in sun juya da ganima sun san za a biyo su, sai su bar wasu a baya su laɓe a mashigin rafi ko bakin daji, masu bin sawu su faɗa hannunsu. Farkon abin hari ne, ƙarshensa kwanton ɓauna, kuma wannan na ƙarshen shi ya fi kama da abin da dabbar take yi.

Samame, wasu su ce sumame, shi ne a je a riski mutane a maɓoyarsu ko a gidajensu ba su shirya ba, galibi da asuba, a kewaye su a kama. Nufinsa ya fi karkata ga kamu fiye da kisa, shi ya sa yau ya zama kalmar 'yan sanda da jami'an kwastan da masu yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Dirar mikiya saukar gaggawa ce, kamar daga sama, ba a ga tahowar ba sai isowa. Sari-ka-noƙe salon yaƙi ne gaba ɗaya, na mai ƙaramin ƙarfi da ba ya tsayawa gaba da gaba, yana iya yin kwanton ɓauna yau ya kai farmaki gobe. Shammata kuwa ba ta ce komai game da wanda ya tafi ko wanda ya jira ba, abin da kawai ta nuna shi ne an sami mutum hankalinsa yana wani wuri. Shigar burtu ma daga maharba ta zo, daga mai ɗaura kan burtu a goshi ya duƙa yana tafiya irin ta tsuntsun har ya kusanci namun daji, amma ita yaudara ce ta kama: ana ganin ka, ba a dai gane ka ba. Mai kwanton ɓauna ba a ganin sa sam.

Harshen da kansa yana tsare wannan bambanci ta wurin aikatau da kowace kalma take ɗauka. Hari da farmaki da samame kai su ake yi, domin ɗaukar su ake a je da su inda mutane suke. Kwanton ɓauna yin sa ake yi: an yi musu kwanton ɓauna, sun faɗa cikin kwanton ɓauna. Ba a kai kwanciya ko'ina. "Harin kwanton ɓauna" da 'yan jarida suke yawan rubutawa ya zauna a kunne kuma ba laifi, tunda yana fayyace irin harin. Abin da ba ya zama shi ne a ce 'yan bindiga sun shiga ƙauye da tsakar dare sun yi wa mutane kwanton ɓauna suna barci. Mutanen ƙauyen ne a kwance, maharan ne suka taho. Wannan farmaki ne. Ba ƙaramin kuskure ba ne, musamman a labarin da ya shafi rayuka. Wanda ya ji an yi kwanton ɓauna a hanya kaza ya fahimci abubuwa da yawa ba tare da an faɗa masa ba: maharan sun san za a bi ta nan, wataƙila sun san lokacin, sun sami sukunin zuwa su zauna ba wanda ya gan su ko ba wanda ya faɗa, kuma hanyar tana da wurin laɓewa. Tambayar da za ta biyo baya ita ce wa ya ba su labari. In aka kira kowane hari da wannan suna, duk wannan bayani ya zube, mai sauraro kuma ya rasa abin da zai auna haɗarin hanyar da zai bi gobe.

A maganar yau da kullum ma ana aron ta, kuma ma'anar tana nan daram. Mai bin bashi da ya gaji da "ba ya nan" sai ya laɓe a shagon da ke kallon ƙofar gida tun da sassafe, a ce ya yi wa mai gidan kwanton ɓauna. 'Yan majalisa su yi shiru da wata takarda har minista ya zo ya gama rantsuwa cewa babu ita, sannan su zaro ta, shi ma haka ne. A kowanne akwai haƙurin jira, akwai kuma barin mutum ya kawo kansa.

Dalilin da ya sa tambaya irin taka ta zama dole a yau shi ne dabbar ta yi nisa da mutane. Annobar cutar shanu da ake kira bushiya, wadda ta ratsa Afirka a shekarun 1890 ta kashe shanu da ɓakane ba adadi, ta sake dawowa Najeriya a farkon shekarun 1980, kafin a sanar da kawar da cutar daga duniya a 2011. Noma ya cinye fadamu da kurame, bindigar zamani ta ƙarasa saura. Wanda yake son ganin ɓauna yanzu sai ya nufi gandun da aka killace, irin Yankari a jihar Bauchi, wanda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa masu ziyara a 1962, ko Gashaka-Gumti, ko gandun W da Nijar da Benin da Burkina Faso suka haɗa. Miliyoyin masu faɗin kalmar ba su taɓa ganin mai sunan ba, har wasu matasa suna ɗaukar "ɓauna" wata kalma ce mai nufin ɓoye.

Wannan ne ma ya sa rubutun ta yake rikicewa. Za ka ga kwantan ɓauna, kuma yana da dalili: a bakin yawancin Hausawa "o" takan koma kamar "a" idan baƙi ya rufe gaɓar, yadda ake furta karon farko kamar "karan farko". Amma ƙa'idar rubutu ita ce a bar wasalin asali, tunda kwanto ne kalmar, sai a rubuta kwanton. "Kwantar ɓauna" kuwa wata magana ce daban, ma'anarta a sa ɓauna ta kwanta. Ɓ ɗin mai lanƙwasa ce, a kiyaye ta ko da a waya ake rubutu. Wasu suna sa karan ɗori a tsakani, kwanton-ɓauna, don nuna cewa kalmomin biyu sun zama suna guda, wasu suna barin su a rabe, duka biyun ana samun su a rubutun masana. Jinsinta namiji ne, saboda kwanto ne kan maganar ba ɓauna ba: kwanton ɓaunan da aka yi jiya ya yi muni, ba ta yi muni ba.